CIYAWAR RUWA BA DATTI BA CE: ABIN DA NA KOYA BAYAN KIFINA YA MUTU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Da a ce wani ya rubuta min irinsa kafin in haƙa ramin kifina na farko, da ban yi asarar da na yi ba.

YADDA ABIN YA FARU

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida Minjibir, mahaifina ya yanka min gefen gonarsa ta fadama, inda akwai wani tsohon kududdufi da ruwa ke kwanciya. Ina da digiri a harkar kasuwancin noma, ga lissafi cike da littafi, ga kajin ƙwai da na fara kiwo a bayan gida. A ganina an gama magana: kashin kaji zai ciyar da ruwa, ruwa zai ciyar da karfasa, karfasa za ta kawo kuɗi.

Abu na farko da na yi shi ne na ɗauko yara muka share kududdufin tas. Muka tumɓuke bado, muka kwashe kainuwa, muka nome ciyawar bakin ruwa har sai da ƙasa ta fito ja wur. Na tsaya na ɗauki hoto, ina jin daɗi wai na yi aikin zamani. Daga nan na zuba karfasa da 'yar tarwaɗa kaɗan, na riƙa juye ɗanyen kashin kaji buhu-buhu ba awo. Ruwa ya yi kore, na ce madalla. Ya ƙara kore har ya koma kamar miyar kuka, na ce abinci ne ya yi yawa, ai alheri ne.

Sai ga Agusta. Kwana biyu hadari ya rufe, rana ba ta leƙo ba. Rana ta uku bayan sallar asuba na je, na tarar kifi duk sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Kafin hantsi karfasa ta fara juya ciki sama. Wallahi ina tsaye ina kallo, ba ni da injin ba da iska, ba ni da ruwan da zan canza da sauri. Tarwaɗar ce kaɗai ta tsira, saboda ita tana iya shaƙar iskar sarari. Kuɗin da na tara a bautar ƙasa da bashin da na ci a wurin yayata, rabinsu a ramin nan na binne.

Ba wanda ya cuce ni. Ba mai sayar da 'ya'yan kifi ba ne, ba mai abinci ba ne. Ni na kashe su da hannuna, da jahilcin da nake ɗauka ilimi ne.

MAGANAR WANI DATTIJO A WASAI

Bayan 'yan kwanaki na hau babur na tafi bakin dam ɗin Wasai, don kawai in sha iska. Na tarar da wani dattijo masunci yana gyaran koma a inuwa. Muka gaisa, hira ta yi hira har na ba shi labarina. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, da ka share ciyawar, me ka bar wa ruwan?"

Na ce, "Baba, ai datti ne na kwashe."

Ya yi dariya ya nuna min gefen da ruwa ya hau kan ciyawa. Ya ce in je in tsaya shiru in duba. Na je na duba. Ƙananan kifi ne birjik, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna shige da fice a tsakanin karan ciyawa. A fili kuwa, inda ba ciyawa, ko ɗaya ban gani ba. Da na dawo ya ce, "Nan ne ɗakin haihuwarsu, nan ne kuma zanin goyonsu. Duk kifin da ka ga mun kamo a tsakiya, a nan ya yi rarrafe."

Maganar ta tsaya min a rai. Da dare na riƙa bincike a waya, ina neman abin da masana suka ce game da ciyawa da kifi. Binciken nan ne ya kai ni inda ban taɓa zato ba, wato teku. Mu da ko a mafarki ba mu cika ganin teku ba, sai ga shi masana can sun shafe shekaru suna auna abin da Baba ya nuna min da yatsa.

MECE CE CIYAWAR TEKU?

A gefen teku, inda ruwa bai yi zurfin da zai hana hasken rana kaiwa ƙasa ba, akwai wata ciyawa da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwan gishiri. Ba gansakuka ba ce. Tsiro ce ta sosai, mai saiwa da ganye, tana fure tana yin iri, duk a cikin ruwa. Tana da iri wajen 70, kuma ana samunta a gaɓar kowace nahiya in ban da Antatika. Takan shimfiɗu kamar makiyaya, fili guda sai ka yi ta tafiya a kwalekwale ba ka ƙure shi ba. A nan Afirka ta Yamma akwai babban filinta a ƙasar Muritaniya, wurin da ake kira Banc d'Arguin, inda masunta da tsuntsaye masu ƙaura suka dogara da ita.

Wani masani a Jami'ar Swansea ta Birtaniya, Richard Unsworth, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2018. Sun duba manyan nau'o'in kifi 25 da aka fi kamawa a duniya, suka gano kusan kashi ɗaya cikin biyar suna yin ƙuruciyarsu ne a cikin wannan ciyawa. A nan suke fakewa daga manyan kifi, a nan suke samun ƙananan halittun da suke ci. Maganar Baba ce dai, sai dai su da alƙaluma suka faɗa.

Amma binciken da ya fi kama ni shi ne na wata mata, Joleah Lamb, masaniyar halittun teku, lokacin tana Jami'ar Cornell ta Amurka. Asalin abin ma rashin lafiya ce. Wata tawagar masu bincike ta je aiki a wasu ƙananan tsibirai kusa da Sulawesi a ƙasar Indonesiya, suka yi ta shiga ruwa, sai atini ya kwantar da su. Tsibiran cike suke da jama'a, kuma ba su da tsarin tace ƙazanta, komai teku yake tafiya. Maimakon su ce Allah ya kiyaye gaba su wuce, sai Lamb ta koma da kwalabe ta ɗebi ruwa a gefen tsibirai huɗu, tana kwatanta wurin da ke da ciyawa da wurin da babu.

A bakin gaɓa, ƙwayoyin cutar da ke nuna ƙazantar bayan gida sun ninka ƙa'idar da hukumar muhalli ta Amurka ta yarda da ita wajen sau goma. Da aka shiga cikin filin ciyawa sai adadin ya faɗi warwas idan aka kwatanta da inda babu ita. Gaba ɗaya ƙwayoyin da kan iya cutar da mutum da kifi sun ragu da kusan rabi. Sun kuma duba murjani fiye da 8,000, wato halittun nan masu gina duwatsu a ƙarƙashin teku, suka ga waɗanda ke maƙwabtaka da ciyawa cutarsu rabin ta sauran ce. An buga wannan aiki a mujallar Science a 2017.

Ku lura fa, ba magani aka zuba ba, ba inji aka kafa ba. Ciyawa ce kawai a tsaye. Ganyenta yana rage gudun ruwa, sai laka da datti su kwanta. Saiwarta tana riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta tayar da ita. Tana zuƙe sinadaran taki da ke yawo a ruwa, da rana tana sakin iskar oksijin, kuma a jikinta akwai ƙananan halittu masu tace ruwa.

ABIN DA KE KASHE TA SHI YA KASHE KIFINA

A 2009 wata tawaga ƙarƙashin Michelle Waycott ta tattara bayanai daga sassan duniya, ta ce kashi 29 cikin 100 na filayen ciyawar teku da aka sani sun ɓace tun daga 1879, kuma daga 1990 ɓacewar ta ƙara sauri, ta kai wajen kashi 7 cikin 100 a shekara. Cikin manyan dalilai akwai gine-gine a gaɓa, da yashe ƙasan ruwa, da kuma gurɓataccen ruwa mai ɗauke da taki da ƙazanta daga gonaki da birane.

Da na karanta yadda takin ke kashe ta, sai jikina ya yi sanyi, domin labarin ramina ne sak. Idan taki ya yi yawa a ruwa, gansakuka ƙanana da ido ba ya gani su ke fara amfana. Su yi ta hayayyafa har ruwa ya yi kauri. A teku sai su tare hasken rana, ciyawar da ke ƙasa ta mutu. A ramina kuwa ga abin da ya faru: gansakuka da rana tana ba da oksijin, amma da dare ita ma shaƙa take yi, kamar kifi. Shi ya sa oksijin ya fi ƙaranci da asuba. Da hadari ya rufe kwana biyu, ba ta samu rana ta mayar da abin da aka shaƙe ba. Wata ta mutu ta fara ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita da kashin kajin suka ƙarasa ɗan abin da ya rage. Kifi ya fi sakewa idan oksijin ya kai miligiram 5 a kowace lita. Idan ya yi ƙasa da 3 karfasa za ta fara ƙin abinci, idan ya ci gaba da sauka sai mutuwa.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ce share ciyawa kaɗai ya kashe min kifi ba. Kashin kajin da na zuba ba awo shi ne babban laifi. Amma ciyawar da na cire ita ce da za ta raba takin da gansakuka, ita ce kuma da za ta riƙe bakin ramin. Bayan na nome ta, duk ruwan saman da aka yi sai ya wanko jar ƙasa da takin gona ya zuba a ciki. Na cire birki, sannan na taka mai.

MU MA MUNA DA TAMU

Ba mu da teku, amma muna da bado, da kainuwa, da burgu, da ciyawar fadama da ruwa ke hawa kanta da damina. Aikin da suke yi a ruwan daɗi ɗan uwan wancan ne. Tarwaɗa a daji tana jiran ruwa ya hau ciyawa ne ta je ta saki ƙwai, ƙwan yana da danƙo, sai ya manne a jikin ganye. Ku da kuke ƙyanƙyasa, ragar da kuke shimfiɗawa a cikin ruwa kuna zuba ƙwai a kai, me kuke kwaikwayo? Ciyawa ce. Bargi kuwa sheƙa yake ginawa a tsakiyar ciyawa, yauni ma haka. Ka share ciyawar tafki gaba ɗaya, ka kori waɗannan ba tare da ka jefa ko ƙugiya ɗaya ba.

Sannan mu a Minjibir muna da namu tsibirin Indonesiya a ƙofar gida. Dam ɗin Wasai, wanda aka gina a 1976, kogin Jakara ne ke cika shi. Jakara kuwa daga tsakiyar birnin Kano ta taso, tana kwaso ruwan kwatoci na unguwanni, sannan rafin Getsi ya haɗe da ita da ruwan da ya fito daga yankin masana'antu na Bompai. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan nan da lakarsa da kifinsa, suna ba da rahoton ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom da kadmiyom. Duk da haka dubban mutane da ruwan nan suke noman rani, da shi suke su, da shi suke ciyar da iyali. Ciyawar da ke bakin kogin da bakin dam ɗin tana cikin 'yan abubuwan da ke tare wani abu daga cikin dattin nan kyauta.

Sai dai a nan akwai gargaɗi babba. Tsiron da ya zuƙi guba, gubar tana jikinsa. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Don haka kada wanda ya ji na ce ciyawar ruwa abincin dabba ce ya je ya kwaso kainuwa daga Jakara ko Wasai ya ba kajinsa ko kifinsa. Ka kwaso ke nan ka kai wa mai cin ƙwanka. Haka kuma mai shirin kafa gonar kifi a yankin, ya kai ruwan da zai yi amfani da shi a auna kafin ya sa bulo ɗaya. Kuɗin awo bai kai kuɗin buhun abinci nawa ba.

AMMA BA KOWACE CIYAWA CE ABOKIYA BA

Na san wasu za su ce, to ai mu ciyawa ce ta kashe mu. Gaskiyarku. Mutanen Haɗeja da Nguru su za su ba da labarin kachalla. Da can ruwan fadamun nan yana zuwa da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kusan duk shekara a wasu rafuka. Kachalla ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya janyewa. Ta mamaye gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ya kasa wucewa, masunta suka rasa inda za su jefa koma, jan-baki ya samu wurin kwana yana fita yana cinye shinkafa. Har bincike aka yi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kan yadda za a mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki, don a rage ta kuma a amfana.

Ga kuma tsargiya. Dodon koɗin da ke ɗauke da ita a jikin ciyawar ruwa yake zama, kuma duk wanda ya tashi kusa da dam ya san yara masu fitsarin jini. A arewacin Senegal, Jason Rohr da abokan aikinsa sun gwada cire wata ciyawar ƙarƙashin ruwa daga mashigan da mutane ke wanka da ɗiban ruwa. Cutar ta ragu a tsakanin yara 'yan makaranta, ciyawar da aka cire kuma aka yi takin gargajiya da abincin dabbobi da ita. An buga wannan a mujallar Nature a 2023. Ku lura, mashigar mutane suka share, ba kogin gaba ɗaya ba.

To ashe maganar ba "a bar ciyawa" ko "a cire ciyawa" ba ce. Maganar ita ce wace ciyawa, a ina, kuma yaya yawanta. Kachalla ma ba daga sama ta faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza. Yanayin ruwan aka canza, ita kuma ta samu ƙofa.

ABIN DA NAKE YI YANZU

Na sake farawa, a hankali. Ga tsarin da nake bi, kowa ya ɗauki abin da ya dace da wurinsa.

1. Bakin rami ba ya zama tsirara. Ina barin gajeriyar ciyawa mai riƙe ƙasa, irin kiri-kiri, ta rufe gaɓar. Ina yanke ta kada ta yi tsawon da maciji da guza za su ɓuya, amma ba na tumɓuke ta.

2. Taki da awo. Na daina juye ɗanyen kashin kaji. Busasshe nake sawa a buhu in ɗaure in rataya a cikin ruwa, in ya yi kore daidai in cire. Ma'aunina hannuna ne: in tsoma har gwiwar hannu. In ina hango tafina dishi-dishi, ruwa ya yi. In ya ɓace tun kafin in kai gwiwar hannu, kore ya yi yawa, sai in cire buhu in rage abinci in ƙara sabon ruwa. In ina ganinsa tarwai, ruwan ba shi da abincin karfasa.

3. Ciyawa mai yawo a sama tana zama a keji. Kainuwa dashen Allah ce, ba ta jiran kowa, in ka sake mata sai ta rufe ruwa ruf, ta hana rana shiga, ta jawo irin matsalar da ake gudu. Ina haɗa gora huɗu ko bututun roba in killace ta a kusurwa guda, ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na fuskar ruwa. Duk mako ina kwashe rarar in kai ramin taki. Kwashewar nan ita ce aikin, domin takin da ta zuƙa sai ka fitar da ita sannan ya bar ruwan. In ka bar ta ta ruɓe a ciki, ka yi aikin baban giwa.

4. Ramin ƙananan kifi ba a sa masa ciyawa. A tafkin Allah ciyawa mafaka ce, amma a ramin reno da ba manyan kifi, maɓoyar kwaɗi ce da 'ya'yan mazari, su kuma cin jariran kifi suke yi. Wannan wurin a bar shi fes, a rufe da raga.

5. Ruwan da na canza ba ya fita titi. Wannan ya shafi masu tamfol da masu tankin kankare, su ma fiye da kowa. Daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin da kake ba kifi, abin da ke zama a jikinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana cikin ruwan nan mai wari da kake saki a lungu, maƙwabta suna Allah wadai. Taki ne ka saya da kuɗinka kake zubarwa. Ni ramuka biyu na haƙa. Na farko ruwa ya tsaya laka ta kwanta, in kwashe ta in kai gona. Daga nan ya gangara wata doguwar kwata marar zurfi da na dasa wa ciyawar ruwa, ya bi ta cikinta a hankali. Abin da ya fito ƙarshe shi nake ba alayyafo da rama da zogale da 'yar ayabata. Ɗan ƙaramin filin ciyawar teku ke nan na gina a bayan gona. Kada a bar ruwan ya kwanta ba motsi ya zama gidan sauro, kuma a sa takalmin roba in za a shiga.

6. Ciyawar da zan ciyar da ita, ni nake nomanta da ruwa mai tsabta. Ina da 'yan kwamaye na Azolla da ƙaramar ciyawar nan mai kama da ƙwayar riɗi da ke shimfiɗa a saman kududdufi, wadda littattafai ke kira Lemna. In an busar da Azolla, furotin ɗinta yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma in yanayi ya yi mata daɗi takan ninka kanta cikin ƙasa da mako. Amma kada a ruɗe ku da bidiyon da ake yaɗawa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyarta ruwa ne. Ƙari ce, ba madadin abinci ba. Kaji a ba su kaɗan, kada ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abincinsu. Karfasa tana ci, tarwaɗa ba ta damu da ita ba. Sannan zafin Maris da Afrilu na ƙasar Kano yana ƙona ta, dole sai da inuwa.

7. Zagayen asuba. Musamman in an yi kwana biyu ba rana. In na ga karfasa a sama tana haki, ranar ba abinci, sai sabon ruwa da motsa ruwan da duk abin da ya samu, ko da famfo ne a mayar da ruwa yana faɗowa daga sama.

ABIN DA AKA ƁATA YANA GYARUWA

Bari in rufe da wani labari daga teku. A gaɓar jihar Virginia ta Amurka, ciyawar teku ta ɓace a shekarun 1930 saboda wata cuta da guguwa. Kusan shekara 70 ba ta dawo ba. Wani masani, Robert Orth, da tawagarsa suka lura ruwan wurin ba shi da laifi, iri ne kawai babu. Tun wajen shekarar 2000 suka fara tattaro iri da taimakon 'yan sa-kai suna watsawa daga cikin jirgin ruwa, kamar mai yafa iri a fadama. Sun watsa fiye da miliyan 70. Rahoton da suka fitar a 2020 ya nuna ciyawar ta rufe sama da hekta 3,600, ruwa ya washe, kifi da sauran halittu sun dawo. Shekara ashirin suna abu ɗaya ba su gaji ba. Yanzu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da wannan ciyawa.

Mu masu kiwon kifi kullum ƙaruwa muke yi, daga Minjibir zuwa Gezawa zuwa Ungogo, kowane lungu ka leƙa akwai tamfol. Idan kowannenmu ya saki ruwansa yadda ya ga dama, wata rana mu ma za a lissafa mu cikin masu ɓata rafukan da muke kuka an ɓata. Rami biyu da 'yar kwata mai ciyawa ba su fi ƙarfin kowa ba.

Na koma Wasai bayan girbina na farko da ya yi kyau, na kai wa Baba karfasa a leda. Ya juya ta ya duba, ya ce, "Ɗana, ka bar wa ruwan wani abu ke nan." Na ce, "Na bari, Baba." Bashin yayata ma na biya.

Wanda yake da tamfol ko tanki, ya faɗa mana: ruwan da kake canzawa, ina yake zuwa? Wanda kuma yake da ramin ƙasa, wace ciyawa ce ta fi damunka? Ku rubuto, za mu duba tare. Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mu da asarar asuba.